Burodin Shinkafar Inna

"Ba za ta ci ba," na ce.

Baba ya juyo ya dube ni kamar bai ji da kyau ba. "Cewa na yi ki sakar mata hannu ta karɓa."

"Na ji, Baba. Ba za ta ci ba."

A ɗakin Inna Mai-burodi muke, maƙwabciyarmu da katanga ɗaya ta raba mu. Tana kishingiɗe, an jera mata matasai a baya, ƙafafunta sun kumbura har sun ɗaga mayafin da aka rufa mata. Tana miƙa wa ƙanwata Auta gutsuren burodi mai ɗumi. Ni kuwa na riƙe tsintsiyar hannun Auta gam.

Shekarun Auta sha biyar, amma wanda ya gan ta bara zai ɗauka 'yar firamare ce. Gudawa ba ta yankewa, ciki a kumbure, gashi na bin mataji. Wasu suka ce tsutsar ciki, wasu suka ce shawara. Ni na tsaya kai da fata, da ɗan karatuna na gwaje-gwajen asibiti, har aka kai ta wurin likitan hanji. Ya ce jikinta ba ya shiri da wani sinadari da ke cikin alkama, gulutin. Babu magani sai ta ƙaurace masa har abada, komai ƙanƙantarsa.

Daga ranar na zama 'yar sandan madafi. Burodi, taliya, biskit, duk na kore su daga kwanonta. A kanti nakan tsaya ina karanta bayan kowace leda, har ta dunƙulen miya, mai shago na tsaki. Shinkafa, dankali, wake, masara, ƙwai, kifi, su nake juyawa kullum don kada ta gundura. Na daina kai niƙa injin unguwa saboda ana zuba masa alkama, na samo ƙarami na gida. Na ware mata tukunya da rariya da ludayi. Dangi suka ce ciwon 'yan boko ne. Su faɗa. Kumatun Auta dai sun dawo, ta koma makaranta.

Inna ce abin ya fi yi wa ciwo. A bayanta Auta ta girma, kuma burodin farko da ya fito daga tandarta kowace safiya ta kan katanga yake tsallakowa.

"Malama Likita," takan ce mini, "shekara da shekaru ina ciyar da unguwar nan, yau kuma ni ce mai guba?"

"Ba ke ba ce, Inna. Garin ne."

"Ni da garin ai uwarmu ɗaya."

Da ciwon zuciya ya kwantar da ita, tanda ta huce. Sai ranar da nake ba ku labari, da safe ta aiko a ce in kawo garin shinkafa daga injina. Ta sa aka ɗauko ta aka ajiye a kujera bakin tanda. Za ta yi wa 'yarta Auta burodin da babu alkama, in ji ta, ko shi ne na ƙarshe. Na yi murna har cikin raina. Da hannuna na wanke kwanon kwaɓi da faranti. Ta kwaɓa tana haki, tana hutawa, tana zagin shinkafa wai ba ta da ladabi.

Da ta jawo farantin gashi, hannunta ya shiga tsohon gwangwanin da ke gefenta ba tare da ta ko duba ba. Ta barbaɗa gari a faranti, ta murza a tafukanta, ta ɗauki kwaɓin ta mulmula, kamar yadda take yi tun ba a haife ni ba, don kada ya manne.

"Inna, alkama ce wannan!"

"Barbaɗe ne kawai, 'yar nan. Ba a ciki yake ba."

Burodin nan ne yanzu a hannun Inna, ta gutsuro shi ta gefen da ya fi laushi.

Baba ya rage murya. "Ke, dubi halin da matar nan take ciki. Loma ɗaya ce za ta kashe ta?"

"Ba za ta kashe ta ba. Za ta kwantar da ita, ta fama abin da ya fara warkewa."

"Yaya, don Allah," in ji Auta, hawaye na zuba. "Ni zan sha ciwon, ba ke ba."

"Ni na san yadda na riƙa ɗaukar ki zuwa banɗaki. Ba za mu koma can ba."

Inna ta sauke hannunta a hankali, ta ɗora gutsuren a ƙirjinta.

"Ƙyale ta, Malam," ta ce wa Baba. "Likita ta yi magana." Ta so ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa, ta juya fuskarta wajen bango.

Ban daina shiga ba. Ni ke ba ta magani, ni ke juya ta, ni ke shafa mata mai a ƙafa. Takan buɗe baki ta haɗiye ƙwayar, ta ce "Sannu," ta lumshe ido. Ba zolaya, ba faɗa. Da Auta kaɗai take hira, ƙasa-ƙasa, in na shigo su yi shiru.

Wata rana da hantsi ta cika, kanta a cinyar Auta. Ina tsakar gidan ina shanya mayafinta na ji kukan.

Ban yi nadama ba, kada wani ya zata. Da za a maido ni ɗakin nan, zan sake riƙe hannun nan. Amma ba kyauta na samu ba. Matar da ta goya mu ta bar duniya tana fushi da ni. Baba da ka yake amsa gaisuwata. Auta na cin duk abin da na dafa, lafiyarta lau, tana wanke kwanonta ta kife, ba ta kallon fuskata.

Bayan an watse daga zaman gaisuwa, Auta ta naɗe katifarta daga ɗakinmu ta koma ɗakin Mama. Da safe in na zo shara, gurbin katifar na nan a jikin siminti, ya fi sauran ɗakin haske. Nakan zagaye shi da tsintsiya.