Laba Bakwai na Hurde

Ranar Litinin da hantsi Kwasi ya shigo barga da waya a hannu, yana dariya tun daga ƙofa. Malam Mutaru na durƙushe yana naɗa wa Hurde bandeji a ƙafar gaba. Bai ɗago ba.

"Baba, albishirinka! Sabon awo ya fito. An rage wa tsohonka laba bakwai."

"An rage masa me?"

"Nauyi mana. Daga maki ɗari da sha biyar sun dawo da shi ɗari da takwas. Kai, wannan kyauta ce daga sama."

Malam Mutaru ya gama naɗin, ya ɗaure, sannan ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa. Bai ce goro ba.

Shekarunsa sittin da takwas. Tun yana ɗan shekara goma yake cikin dawaki, a wata barga da ke bayan Nima a Akra. Shekara ashirin da biyu ke nan yana wannan filin sukuwa na gefen Queens, yana yi wa dawaki wanka, yana goga, yana kwasar kashi. Kwasi kuwa mai kawo ciyawa ne, Ba'asante, amma a Nima ya tashi, Hausa a bakinsa kamar ruwa.

Ga yadda abin yake a sukuwar tsallake shinge. Dawaki ba ɗaya suke ba, don haka akwai mai awo da ke ba kowane doki maki. Maki ɗaya, laba ɗaya ta darma, a zura ta cikin jakar fata ƙarƙashin sirdi. Ka yi gudu, a ƙara maka. Ka yi baya, a rage maka. Wai don mai ƙarfi da marar ƙarfi su iso layi tare.

Hurde na da wani dogon suna na Turanci a takarda, amma Malam Mutaru bai taɓa kiran sa da shi ba. Launinsa ya duba ya raɗa masa suna. Shekara huɗu da suka wuce makinsa ɗari da talatin da biyu, ya fi kowa ɗaukar darma, kuma ya ci a haka. Sai jijiyar ƙafa ta tsinke. Ya yi shekara guda a kwance, tsohon yana kwana yana tashi da ƙafar nan. Da ya dawo ya yi gudu uku, duk a baya ya ƙare. Yanzu shekarunsa sha ɗaya. Mai dokin ya faɗa wa Kiran, mai horar da su, cewa gudun Alhamis ne na ƙarshe. In Hurde bai shiga ukun farko ba, gwanjo za a kai shi. Malam Mutaru ya san makomar tsohon doki mai tabon ƙafa a gwanjo: daga wannan hannu zuwa wancan, har a daina jin labarinsa.

Duk ya san wannan. Amma ba shi ya tsaya masa a wuya ba.

"Wa ya ba mai awon izini?" ya ce.

"Izinin me, Baba?"

"Ya sauke wa babba kaya a gaban jama'a. Ya rubuta a waya, kowane ɗan iska ya karanta."

Kwasi ya buɗe baki. "Kai, tsoho! Mutane roƙo suke a rage musu!"

"Mutane. Kai ɗan Asante, me ka sani game da girma? Je ka sauke ciyawarka."

Uban Malam Mutaru ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Takoradi. Buhu biyu na koko yake ɗauka a tashi ɗaya. Ranar da shugaban 'yan dako ya dube shi ya ce daga yau ɗaya ya ishe ka, ya ajiye gammonsa ya tafi gida. Bai sake komawa ba, bai kuma sake cin abinci a waje cikin maza ba. Malam Mutaru yana yaro ya ga wannan, ya riƙe.

Ranar Talata ya sa kaftanin Juma'a da hula, ya ce wa 'yarsa Muniratu ta raka shi. A gidanta yake zaune a unguwar Concourse Village. Aikin kula da tsofaffi take yi, ranar ce kuma hutunta. Turancinsa na barga ne, ya ishi doki da Kiran, bai ishi ofis ba.

"Baba, me za ka ce wa mutumin?" ta tambaya a cikin jirgin ƙasa.

"In mun je za ki ji."

Mai awon wani farin dattijo ne siriri, tabarau a ƙarshen hanci, tebur cike da takardu. Ya ba su kujera. Malam Mutaru ya ƙi zama.

"Gaya masa ni ne mai kula da dokin nan na Kiran. Gaya masa ya mayar masa da labarsa bakwai."

Muniratu ta juyo. "Ya mayar? Baba, ƙara masa nauyi fa kake cewa."

"Ki faɗi abin da na ce. Ba shawara na kawo ki ba."

Ta faɗa, kanta a sunkuye. Dattijon ya cire tabarau, ya sa ta maimaita. Ta maimaita. Sannan ya yi magana mai tsawo, ita tana fassarawa.

"Ya ce shekara talatin yana wannan aiki. Ya ce an zage shi, an roƙe shi, wani ya yi kuka a nan, duk don a rage. Ba wanda ya taɓa zuwa a ƙara masa sai kai."

"To ya ga na farko."

"Ya ce yana nan ranar da Hurde ya ci da ɗari da talatin da biyu, bai manta ba. Amma shi ba dokin jiya yake aunawa ba, na yau yake aunawa."

Dattijon ya jawo wani ƙaramin littafi, ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan layi.

"Ya ce a gudu ukun nan yana tare da su har shinge na bakwai. A na ƙarshe ƙafarsa ta baya ke dukan shinge, duk sau ukun. Ya ce ba zuciya ce ta ƙare ba, kaya ne ya yi yawa. In Hurde ya nuna masa ƙarfinsa ranar Alhamis, da hannunsa zai mayar masa da darmar."

Malam Mutaru ya san maganar shingen gaskiya ce. Shi ke wanke ƙujewar bayan kowane gudu. Amma ya gyara hula ya juya.

"Gaya masa na gode. Gaya masa ban yarda ba."

A waje Muniratu ta ce, "Baba, wallahi ka ba ni kunya."

"Kunya ba ta kisa."

Magana ba ta kwana a filin sukuwa. Laraba da safe Kiran ya same shi a bakin ɗakin Hurde, fuska ja wur. Mutumin ƙasar Ayalan ne, gajere, mai saurin fushi da saurin huce. Ya yi ta faɗa, rabi tsohon ya ji, rabi ya wuce. Daga ƙarshe ya shiga ɗakin sirdi ya fito da fallayen darma, ya ƙirga bakwai, ya zuba su a aljihunan rigar sanyin Malam Mutaru, huɗu dama, uku hagu.

"Ga abin da ka je nema," ya ce da Turancin da ya san tsohon zai gane. "Zaga da shi minti talatin. Sannan ka zo ka gaya mini."

Kwasi na kan motar ciyawa yana dariya har da buga cinya. "Baba, an ƙara maka maki! Yanzu kai ne babban doki!"

Malam Mutaru ya kama linzami ya zaga da Hurde. Laba bakwai ba komai ba ce. Jaririn da aka haifa jiya ya fi ta. Minti talatin suka cika, Kiran ya miƙo hannu a ba shi darmarsa. Tsohon ya wuce shi kamar bai gani ba. Da ita ya yi wa dawaki uku wanka. Da ita ya kwashe ɗakuna, ya ɗebo ruwa. Sallar azahar kawai ta sa ya tuɓe rigar, yana sallamewa ya mayar. Da aka tashi daga aiki ya fita da ita.

A cikin bas bai ji komai ba. A jirgi na farko bai samu kujera ba, kafaɗunsa suka fara magana. A na biyu wata yarinya ta tashi ta ba shi wuri, ya ƙi. Da ya sauka a tashar titi na 161 ya tsaya a gindin matakala ya ɗaga kai. Shekara ashirin yana hawan ta bai taɓa ƙirga ta ba.

Ya hau goma lafiya. Ya hau biyar kuma. A ta sha shida ya ɗaga ƙafar hagu, mai ciwon gwiwa, ta ƙi kaiwa. Bakin takalmin ya doki gefen matakala, ya tafi gaba, hannu ya riga fuska isa ƙasa. Mutane suka ratse ta gefensa. Wani ya tambaye shi ko lafiya, ya ɗaga masa hannu.

Ya zauna a nan, yana haki, yana duban takalmin. Fatar bakinsa ta ƙuje, fari ya fito. Daidai irin ƙujewar da yake wankewa.

Bai gaji da hawa ba. Zuciyarsa na sama tuntuni. Ƙafar ce aka ce ta ɗaga abin da ya fi ta, a ƙarshen yini, ba a farkonsa ba.

Ya daɗe a zaune. Ya tuna ubansa. Buhu ɗaya, ya ce a ransa. Da ya karɓi ɗayan nan, da ya yi shekara goma yana cin abinci cikin maza.

Ya tuɓe rigar ya rungume ta, ya ƙarasa hawa. A ƙofar gida ya haɗu da Muniratu ta dawo daga kanti. Ya miƙa mata rigar. Ta karɓa, hannunta ya yi ƙasa.

"Baba! Me ke ciki, duwatsu?"

"Riƙe kawai."

Ta dube shi. Tunda take bai taɓa ba ta kayansa ta riƙe ba. Ta ga tafin hannunsa, ta ga takalmin, ta shige da rigar ciki.

Alhamis da asuba ya jera darmar bakwai a kan teburin Kiran, ya fita. Kiran bai tambaya ba.

Dawaki tara ne a gudun, mil biyu da 'yan kai, shinge takwas. Malam Mutaru ya kai Hurde da kansa, ya riƙe kai aka ɗaura sirdi. Kafin mahayi ya hau ya zura hannu ya taɓa jakar darmar. Shafal. Ya matso kunnen dokin.

"Ba raini ba ne," ya ce. "Na je na gani."

Ya koma bakin shingen 'yan kallo. Muniratu ta zo, ta ɗauki hutun rabin yini. Kwasi na gefe da tikiti a hannu yana ɓoyewa.

"Na gan ka, ɗan caca."

"Baba, ai goyon baya ne."

"Goyon wuta."

Aka sake su. Hurde ya zauna na shida, yana tsallake ba gaggawa, kamar mai ƙetare kwata. A zagaye na biyu wani ya doki shinge ya jefar da mahayinsa, wani ya gaji. Hurde ya zama na huɗu. Shinge na bakwai, na huɗu har yanzu. Suka karyo kwana, ga na ƙarshe a gaba.

Malam Mutaru bai dubi kan dokin ba. Ƙafar baya ya duba.

Ta tashi. Ta wuce. Ko ganye ba ta taɓa ba.

Na gabansa ya sauka da ƙyar, Hurde ya wuce shi. Na uku. Muniratu na tsalle tana ihu da Turanci, Kwasi na ihu da Tuwi, yarensu na Asante. Farin kan nan na Hurde ya miƙe, ya kamo na biyu, suka jera, suka jera, ya fi shi da wuya. Na farko ya riga ya tsere, ɗan shekara biyar ne, ba mai kama shi. Hurde ya shiga na biyu.

Tsohon bai yi ihu ba. Ya ce alhamdu lillahi, ya ɗauki bokiti da soso ya nufi inda ake sauka. Ƙafar ya fara shafawa. Sanyi ƙalau. Kiran ya zo da waya a kunne, ya ɗaga masa babban yatsa: mai dokin ya ce a bar shi, akwai wani gudu a watan gobe. Daga nesa dattijon nan mai tabarau ya taɓa bakin hularsa. Malam Mutaru ya ɗan jinkirta, sannan ya taɓa tasa.

Litinin da hantsi Kwasi ya sake shigowa da waya.

"Baba, an sa tsohonka cikin dawakin da ya kamata a riƙa bi a wannan kaka. Ga sunansa, na uku a jeri."

"Yau suka sani? Ni shekara shida nake bin sa da shebur."

"Saura. Mai awo ya cika alkawari. Ya ƙara masa laba huɗu."

Malam Mutaru ya tsaya da burushi a hannu.

"Huɗu?"

"Huɗu. Girma ya dawo."

"Doki mai shekara sha ɗaya? Da wannan ƙafar? Mutumin nan ba shi da tausayi ne?"

Kwasi ya zauna a kan damin ciyawa, dariya ta hana shi magana. Da ƙyar ya ce, "In kira Muniratu? A goge kaftani?"

Tsohon ya harare shi, ya ci gaba da goga wuyan Hurde. Can ya ce, ba da Kwasi yake ba:

"Biyu ma da ta isa."