Ɓawon Ƙwai ko Madarar Safe

Gvozden mai fenti ya shafa layi biyu a bangon falo, ya ja da baya yana goge hannu a wando.

"Ga su nan, Gwaggo Leposava. Na hagu Ɓawon Ƙwai, na dama Madarar Safe. Ki zaɓa yau, jibi ina da aiki a garin Kraljevo."

Leposava ta maƙala tabarau. Ranar Asabar ce bikin shekara-shekara na waliyyin da gidan ke girmamawa, na farko tun rasuwar mijinta Radoje, kuma ta rantse limamin coci ba zai sa wa burodin biki albarka a ɗakin da hayaƙin taba ya dafe ba. Shekara arba'in tana mita, Radoje yana busa abinsa.

Maƙwabciyarta Zorka, wadda ta shigo aron sukari tun da hantsi ta samu wurin zama, ta kurɓi gahawa.

"Na hagun nan kalar asibiti ce. Za a ce kin fara shirin bin marigayi."

"Na dama fa?"

"Shi kuma za a ce miji kike nema."

Maganar gaskiya, ko ƙuda ba zai bambance su ba. Amma aka ɗage labule, aka sauke, aka kara hoton waliyyi a jikin kowanne, har gahawa ta huce.

Can sai Leposava ta nuna da yatsa.

"Duk kun makance. Ga nawa nan a tsakiya. Dubi yadda ya kwanta a ido! Wannan shi ne launin gida."

"Ni ma tun ɗazu shi nake kallo," in ji Zorka.

Gvozden ya sosa ƙeya.

"Gwaggo, biyu fa na shafa. Na tsakiyar tsohon bangon ne. Aikin marigayi ne."

Nan take Zorka ta tuna ta bar tukunya a kan wuta.

Leposava ta sake duban bangon. Kewar Radoje ta taso mata, haushinsa na biye.

"Za ka iya haɗa min irinsa?"

"Ni? Sai dai taba kwali biyu kullum, shekara arba'in."

"Ɗan banza," ta ce, kuma ba da Gvozden take ba. "Ko ƙusa bai taɓa kafawa a gidan nan ba. Ashe fenti yake yi min."

Ta ce a bar falon yadda yake, a kai gwangwanayen fentin can kicin, shi ma yana son gyara. Sannan ta buɗe kabad, ta ɗauko farantin da Radoje yake kaɗe toka a ciki, wanda ta ɓoye tun ranar jana'iza, ta mayar da shi kan tebur.