Wayar Wuta Mai Bakin Zinariya

Dakta likitan haƙori ne. Da ya rage zuwa asibiti sai ya mayar da ƙaramin falon gidansa ɗakin jin kiɗa: manyan sifiku biyu, na'urar ƙara sauti mai nauyin buhun siminti, da kujera ɗaya tal a tsakiya. Matarsa ce ke share ɗakin, amma ba a yarda ta taɓa ko maɓalli ba.

Ranar da sabuwar wayar wuta ta iso, ya ƙwala mata kira tana kicin. Wayar tana da kaurin tiyon ban ruwa, bakin fuloginta ruwan zinariya, tsadarta ta fi ta firjin gidan.

"Zauna ki ji," ya ce. Ya saka waƙa da tsohuwar waya, ya kashe, ya durƙusa bayan na'urar ya jona sabuwar, ya sake sakawa. "Me kika ji?"

Ta saurara da gaske, don mace ce mai kunne.

"Dakta, ni dai duk ɗaya na ji. Wutar nan fa ta biyo wayoyin titi da na cikin bango kafin ta zo nan. Ta yaya wannan ɗan guntun zai gyara ta?"

Ya dube ta kamar ya buɗe bakin majiyyaci ya tarar da ruɓaɓɓen haƙori. "Laifina ne da na tambayi kunnen da ya saba da ƙarar tukunya."

Daga nan ya daina yi mata magana sai da ƙyar. In ta ajiye abinci ya ture. In 'yarsu ta kira waya sai ya ce a gaban matar, "Ɗaga murya, uwarki ta fara kurumcewa." Da abin ya ishe ta sai ta koyi kalmominsa. In ya sauya waya ya tambaye ta, ta ce muryar ta fi buɗewa, ganga ta fi zama. Gida ya yi lafiya.

Wata Asabar da yamma abokansa biyu suka zo, wani lauya da mai kemis ɗin unguwa. Ta shigo da shayi, Dakta ya ce, "Tsaya. Ku ga yadda na horar da uwargida."

Ya zaunar da ita a kujerar tsakiya. Ya saka waƙa, ya kashe, ya ɓace bayan na'urar yana nishi, ya sake sakawa.

"To?"

"Wannan ya fi," ta ce. "Muryar ta fi buɗewa."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Sai ya ɗago hannu. Sabuwar wayar ce riƙe a hannunsa, bai jona ta ba.

"Kun gani ko? Ban sauya komai ba. Shekara da shekaru ina zaune da mai gaya mini abin da nake son ji. Allah kaɗai ya san sauran abin da take yi mini ƙarya a kai."

Lauyan, wanda shi ma ya gyaɗa kai a karo na biyu, shi ya fi kowa dariya. Mai kemis ya sunkuyar da kai yana juya cokali. Ta tashi ta zuba wa kowa shayinsa. Sai da ta shiga kicin ta rufe ƙofa ta dafa bango.

Bayan wasu watanni, tana sharar ɗakin, waƙa na tashi, ta lura sifikar hagu ta daina fitar da siririn sauti. Ta kai kunne kusa, ta tabbatar ɗan ƙaramin bakin da ke saman sifikar ne ya mutu. Ta ci gaba da shararta.

Dakta ya ji kiɗan ya dushe, amma bai gane daga ina ba, don ƙarar injin haƙori ta daɗe da cin kunnensa na hagu. Ya zargi wuta. Ya sayo wata waya da ta fi ta farko tsada. Ya sa aka fasa bango aka sauya soket. Babu abin da ya canza. Ya rame, ya koma zama a kujerar ba tare da ya kunna komai ba.

"Ke ma kin ji ya dushe?" ya tambaye ta wata safiya, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Lafiya lau nake jin sa, Dakta."

Ya taɓa kunnensa.

Ranar da lauyan ya kawo ziyara, ya gano matsalar a zama ɗaya. Da ya fito baranda suka haɗa ido da ita, kowa ya san ɗan'uwansa ya sani. Ya koma ciki ya dafa kafaɗar abokinsa.

"Girma ne ya zo, Dakta, sai haƙuri. In kayan sun zame maka ciwon rai, bari in rage maka su."

Ya kwashe su a arha, har da wayoyin a matsayin gyara. Ita ta taya direbansa naɗe sifikun da tsohon bargo. A makon nan lauyan ya sa aka sauya ɗan bakin, kiɗa ya dawo garau a gidansa.

Ranar da aka kwashe kayan, da motar ta fita daga ƙofa, Dakta ya juyo ya tambaye ta ko ta ce wani abu. Ta ce a'a, sai dai tana so ya matsar da kujerar nan, za ta mayar da ɗakin wurin guga.