Waya Biyu a Aljihu Ɗaya

Tun ranar da aka raba wa masu gyaran ɗakuna wayoyin aiki, zaman lafiya ya ƙare a otal ɗin. Manhajar da ke ciki ba wani abin wahala ba ce: ka kara wayar a jikin ƙofa in za ka shiga ɗaki, ka sake karawa in ka gama, ita kuma ta kai wa manaja labari har ofishinsa. Amma in ka ji matan nan a ɗakin wanki, sai ka rantse ɗan sanda aka ɗaura wa kowacce a ƙugu.

"Yanzu ko banɗaki kika shiga sai ta kai ƙararki," in ji mai guga.

"Ke da ba a ma ba ki ba, me ya yi miki zafi?"

"Taya ku nake yi."

Guguwa ce kaɗai ba ta sa baki ba. Sunan nan ba a banza ta same shi ba, don kafin wata ta cire rigar matashi ita ta gama shimfiɗa gado. A ranta kuwa son abin take yi. Shekara da shekaru tana aiki kamar inji, ba wanda ya taɓa ce mata sannu, ana kuɗin goro da ita da masu jan ƙafa. Yau ga abin da zai nuna aikin kowa a fili, ta yaya za ta ƙi shi?

Matsalar ita ce Yaya. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma Yaya ce ta samo mata aikin lokacin da Guguwa ta dawo gida da 'ya'ya biyu ba miji. Bara mijin Yaya ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Tun daga nan kullum da hantsi takan sulale ta ƙofar baya, ta je gida ta juya shi, ta sauya masa shimfiɗa, ta ba shi abinci a baki, sannan ta dawo da gumi. Ɗakunan da ta bari, Guguwa ke haɗawa da nata. Duk ma'aikata sun sani, kowa ya kama bakinsa.

Ranar farko da manhajar ta fara aiki, Yaya ta tare ta a bayan keken zannuwa, ta cusa mata tata wayar a aljihu.

"Ungo, ƙanwata. Ai ba ta san hannun kowa ba."

Gaskiya ne, ba ta san hannu ba, amma ta san lokaci. Guguwa takan fara da ɗakunan Yaya don tsoron kada asiri ya tonu, ta yi su a guje, ta goge madubi da hannu ɗaya tana ja labule da ɗayan. Duk tsawon wannan lokaci tata wayar na aljihu tana rubuta cewa mai ita ba ta tsinana komai ba. Kafin ta koma nata ɗakunan, baƙi sun iso suna jira da jakunkuna, wayar sai ƙara take yi tana nuna ja. Ta hau bene, ta sauko, ta manta tawul, ta koma. Wani lokaci ta tsaya a bakin ƙofa da waya biyu a hannu ta rasa wacce za ta kara. Abincin rana ma a tsaye take cinsa, in ta samu ci.

Da wata ya ƙare aka kunna allon da ke ɗakin ma'aikata, sunaye suka fito a jere. Yaya ce a sama. Guguwa ce can ƙasa, ƙasa da wadda kowa ya san barci take yi a ɗakin ajiye bargo. Ba wadda ta yi dariya, kuma wannan ya fi ƙona mata rai.

Manaja ya kira ta. Ba mugun mutum ba ne, yana ta juya biro yana kallon kwamfutarsa.

"Wallahi ni kaina na yi mamaki. Lafiyarki ƙalau kuwa?"

"Ƙalau, ranka ya daɗe."

"To ki tashi tsaye. Masu otal za su rage ma'aikata, kuma daga ƙasan jerin nan za su fara ɗiba. Ki yi koyi da yayarki mana."

Ta miƙe ba tare da ta tona asirin Yaya ba. Ta fito ranta kamar zai fashe. Haushin manhajar take ji, da na manaja, da na mijin Yaya da bai san hawa ba bai san sauka ba, amma wanda ya fi duka na Yaya ne. A hanyar gida ta shirya abin da za ta faɗa mata, ta rushe, ta sake shiryawa. Ita ma tana da bakunan ciyarwa. Ita ma mutum ce.

Washegari da safe ta tsaya a bayan keken zannuwa, ta ɗaure fuska, ta cusa hannayenta biyu cikin tawul don kada su karɓi komai. Yaya ta taho daga ƙarshen baranda. Ta dubi fuskar ƙanwarta, ta dubi hannayen nan da aka ɓoye. Ba ta ciro wayar ba.

"Je ki yi naki," ta ce. "Na ga allon."

"To shi fa, Yaya?"

"Na juya shi da asuba. Na ajiye masa ruwa kusa da hannun mai lafiya."

Ta tura kekenta ta wuce, ta kara wayarta a ƙofa, ta shiga.

Guguwa ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, sai kuma kunyar jin sanyin ta rufe ta. Ta kama aikinta. Ɗaki na bin ɗaki, wayarta na nuna kore tun kafin baƙi su iso, abin da ta daɗe tana mafarki. Amma kunnenta na jikin bango. Rana ta yi sama, lokacin da Yaya ke fita ya zo ya wuce, injin shara bai daina ƙara a ɗakin da Yaya ke ciki ba. Can ya yi shiru, sai ta jiyo ƙaramar wayar Yaya, wadda mijinta ke kiran ta da ita, tana ringi. Ta yi ta katse, ta sake kamawa. Guguwa ta tsaya da zanen gado a hannu tana jiran ta ji an ɗauka, sai injin sharar ya sake tashi.