Duwatsun Iyakar Chillkapata

Ni na ce a kwashe duwatsun nan, ba wani ba. Gara in faɗa tun farko, don har yau akwai masu ɗora wa injiniya laifi a Chillkapata, alhali baiwar Allah ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

A shekarar ni ke riƙe da sandar shugabancin gari. Yarjejeniyar da aka karanta mana a taro ta raba aiki uku: gwamnatin yanki ta zuba kuɗi ta kawo tsakuwa, kamfani ya kawo ƙarfe da ma'aikata, mu kuma mu ba da kan tudu da ƙarfin kafaɗa. In ƙarfen sabis ɗin ya tsaya, makarantarmu da ɗakin shan magani za su samu intanet. Akwai kuma layin da injiniya Maritza Oré ta karanta sau biyu: duk filin da rikici ya taso a kansa, kamfani zai tattara ya koma wani tudun. Wancan tudun kuwa a bayan tsauni yake, ko ƙyallinsa ba za mu gani ba.

Kamfani ya cika alkawari. Mu ma mun cika, kwana tara muna gayya, buhun siminti a gadon baya, hawan awa biyu. Tifar gwamnati ce dai shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ranar zuba kankare rami na nan baki buɗe, dutsen da muka tsinto bai kai rabi ba, ga hadari ya haɗo, siminti kuwa in ya sha ruwa ya tashi daga aiki. Ina ɗaga kai sai ga tsibin iyaka, taku arba'in daga ramin. Shi ya raba mu da mutanen Wayllaccasa. Duk shekara lokacin kewaya iyaka, shugabannin garuruwan biyu kan hau da sarewa da ganga, kowa ya ɗora dutse ɗaya, har tsibin ya kusa kai ni tsawo. A lokacin injiniya ta gangara duba kaya a mota. Na ce da jama'a dutse ai dutse ne, ku kwaso, jibi ma tara wani. Wasu suka yi jim, na daka musu tsawa. Ina da zafin kai, ban taɓa musawa ba.

Ba mu kai jibin ba. Washegari da azahar muna ɗaure ƙafar ƙarfe ta farko sai ga su sun ɓullo ta bayan tudu, sun fi mutum hamsin. Maza da majajjawa a hannu, mata sun ƙulle duwatsu a mayafi. A gabansu shugabansu ne, Don Fortunato Ccahuana (Don laƙabin girmamawa ne a wurinmu), tsohon da ya riƙe ɗiyata ranar baftisma, shi ya sa nake ce masa kompadre. Mutanena suka ajiye igiya suka ɗauki shebur.

Na tare shi, na zaɓi ganyen koka uku masu kyau na miƙa masa da hannu biyu, don da wannan ganyen taunawa muke gaisuwar girmamawa. Ya dubi ganyen, ya dube ni, bai karɓa ba. Tunda nake ban taɓa ganin an mayar wa mutum koka a kan tudun nan ba.

Injiniya ta matso kusa da ni. Ta ce a hankali, “Don Serapio, in dutse ɗaya ya tashi a nan dole in rubuta. Ƙarfe uku motarmu za ta sauka, ko da takardar sulhu, ko da kayanmu.”

Tsoho ya tambayi wanda ya taɓa iyaka. Nicanor, sakatarenmu, ya raɗa mini in ce ma'aikatan kamfani ne, baƙi ne, gobe sun tafi. Wallahi har na buɗe baki. Sai na hango samarin Wayllaccasa sun riga sun kewaye akwatunan na'ura, ɗaya ya ɗora ƙafa a kan farantin hasken rana, kalma kawai suke jira.

“Ni ne, kompadre,” na ce. “Ni na ba da umarni. Yarinyar nan ba ta ma wurin.”

Wata mata daga cikinsu ta ce ashe ɓarawon da sanda yake yawo, suka yi dariyar da ba daɗi. Na haɗiye. Na yi alkawarin kafin rana ta faɗi za mu tara sabon tsibi a gurbin tsohon, mu yanka rago, mu kawo giyar masara. Tsoho ya bar ni na gama, yana tauna tasa kokar.

“Dutsen kakana yana cikin tsibin nan, na kakanka ma haka,” in ji shi. “Ba mu san wata iyaka ba sai inda suke. Ko ka fasa kankaren ka mayar da su, ko kuwa inda ka kai su nan ne iyaka.”

Fasa kankare na nufin ƙarfe ya tafi. Barin sa kuma na nufin taku arba'in sun koma Wayllaccasa. A cikin taku arba'in ɗin akwai idon ruwa guda ɗaya tak da ba ya ƙafewa da rani, kuma shekara talatin yayata Eusebia ke shayar da garken alfakarta, dabbobinmu masu ulu da dogon wuya, a wurin, tun kafin mijinta ya rasu. Tana tsaye cikin mutanenmu. Jiya ita ma ta ɗauko dutse da mayafinta don na ce.

Na roƙi a bar mata ruwan ko da rani kawai. Tsoho ya ce wannan maganar taron garinsu ce, taro kuma sai wata mai kamawa. Injiniya ta dubi agogo, saura kwata. Na juya wurin jama'ata na ce wanda ya yarda a bar musu filin ya ɗaga hannu, ina addu'a a zuci su ƙi, su sauke mini wannan kaya. Ina! Hannuwa suka tashi tun ban rufe baki ba, tunda ba dabbarsu ke sha a wurin ba. Eusebia kaɗai ta bar nata a cikin mayafi.

Nicanor ya rubuta takardar sulhu a kan gwiwarsa. Don Fortunato ya dangwala yatsa, ni na sa hannu, injiniya ta ninke takardar ta ce da ma'aikatanta su ci gaba da ɗauri. Sai a lokacin tsoho ya miƙo hannu ya karɓi ganyen.

Ban tsaya sha da su ba. Na gangara wajen idon ruwan, na tarar Eusebia tana kaɗa garkenta, dabbobin suna ta juyowa don ba su gama sha ba. Na ɗauki tsumagiya zan taya ta.

“Ajiye, shugaba,” ta ce, ba ta ko dube ni ba. “Ƙasar mutane kake takawa.”