Numfashin Zaidu

"Baba, riƙe numfashi," in ji Christiana mai ɗaukar hoto ta cikin lasifika. "Kada ka saki sai na ce."

Zaidu ya ja iska, ya cika kumatu. Kafin Murjanatu ta gyara tsayuwa a bayan gilashi har ya fesar da ita, fuuu, ya bi da tari.

Kunya ta kama ta, amma tsoro ya fi kunyar yawa. Mijinta ne fa wannan, Zaidu gwanin nutso, wanda daga Yelwan Yauri har Warra in taru ya maƙale a ƙasan tafkin Kainji shi ake aika wa. Yakan nutse har mutanen cikin jirgi su fara salati, sa'an nan ya ɓullo yana tambayar wa ya taɓa masa goro. Yau ga shi kwance cikin wani farin bututu mai ƙara kamar injin niƙa, ciki ya yi tulu, numfashi ya gagara.

Tun bayan Babbar Salla cikin ya fara tasowa. Da fari Zaidu cewa yake yi daɗin miyar matarsa ne. Da wando ya ƙi ɗauruwa suka je asibiti a Yelwa, aka zuƙi ruwan da allura aka auna, amsa ba ta fito sarai ba. Likita ya turo su Sakkwato, ya ce na'urar MRI ce za ta nuna ko ruwan daga hanta yake, wanda ake lallaɓawa da magani, ko kuwa ciwon daji ne. Tun da Murjanatu ta ji sunan ciwon nan abinci bai sake yi mata daɗi ba.

Christiana ta juyo. "Mama, hoton duk ya dagule. Na san ruwan ya danne masa ƙirji, amma in bai tsaya cik ba likita ba zai ga komai ba. Sai dai ku koma gida a sa muku wata rana."

A koma Yauri ba amsa? Ina! Murjanatu ta matso. "Ɗiyata, ba ni abin maganar nan."

Ta kanga baki. "Baban Yasira, kana ji na?"

"Ina ji. Ce musu su fidda ni daga ramin ga. Abin ya ƙi."

"To shi ke nan, fito. Dama ba kowa ne Tanimu ba."

Tanimu na Warra shi ne abokin gasar Zaidu a nutso tun suna samari. Sun yi furfura, amma har gobe ba wanda ya yarda ɗaya ya fi shi.

"Mi ya kawo Tanimu nan?"

"Au, ba ka ji ba? Bara an sa shi cikin injin ga. Ko motsi bai yi ba har aka gama. Likitoci suka taru suna tafa masa."

Ƙarya take shararawa, Allah Ya yafe mata. Tanimu ko allura bai taɓa yarda an yi masa ba.

"Tanimu?" Muryar Zaidu ta cika lasifikar. "Wanda in ya sa kai a randa sai an jawo shi? Ke yarinya, tada injinki!"

Injin ya ɗauki gurnani. Zaidu ya ja iska, ya sandare. A gaban Christiana hoto ya fara fitowa tangaram.

"Yawwa! Baba, saki."

Zaidu bai saki ba.

"Baba, na ce yi numfashi!"

Ko gezau. Babban yatsan ƙafarsa kawai ya ɗago yana kaɗa shi, alamar tukuna. Christiana ta miƙe tana kiran sunan Yesu. Murjanatu ta fizgo abin maganar. "Ka wuce shi, Baban Yasira! Wallahi ka wuce shi nesa!" Wannan karon kam gaskiya ta faɗa.

Sai a nan ya saki. Haka aka yi ta fama har aka kammala, kowane karo sai an haɗa shi da Allah kafin ya numfasa.

Bayan la'asar likita ya zaunar da su. Ya ce bai ga alamar ciwon daji ba. Tsohuwar tsargiya ce da aka kwaso a ruwa ta taɓa hanta. Akwai magani, akwai barin gishiri, kuma sai an riƙa zuwa ana dubawa. Murjanatu ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka tana hamdala, ba ruwanta da wanda ke kallo.

A mota kan hanyar Yauri ta lura Zaidu ya yi jugum, ko goro bai nema ba.

"Mi kuma? An ce ba ciwon nan ba ne."

"Ba ta kaina nake ba," in ji shi. Idonsa ya kawo ruwa. "Wurin nan akwai ban tsoro, Murja. A ce an sa Tanimu ciki, ni ina Yelwa ko sannu ban je na yi masa ba? Gobe ki tashi da wuri ki dama fura. Warra za mu, dubiya."