Lamba Goma Sha Huɗu

Shekara goma sha ɗaya Inna tela tana ɗinka rigunan kulob ɗin ƙwallon kwando na garin, don haka ita take fara sanin wanda aka sallama, tun kafin 'yan jarida su ji ƙishin-ƙishin. Sakatare kan aiko mata takarda da suna da lamba. Wanda babu sunansa a ciki, to, ya kama gabansa.

Takardar bana tun safe take ƙarƙashin almakashi, Inna ta kasa buɗewa. Ɗanta, wanda ake kira Tsani saboda tsawo, shi ne kyaftin. Ga shekaru sun ja, ga gwiwa ta fara gardama.

Kamar da gayya, ƙaninta direba da mai askin shagon kusa suka baje a bencinta suna musu.

"Kulob ba gidan gado ba ne," in ji mai aski. "In ana son kofi nan da shekara uku, sai an zuba sabon jini. Ki yi haƙuri, Inna, gaskiya ɗaci gare ta."

"Kai da ko takarda ba ka iya jefawa a kwandon shara," in ji direba. "Wa zai riƙe yaran in wasa ya yi zafi? Ai ba ƙafa kaɗai ke wasa ba, har da ƙwaƙwalwa."

"Ƙwaƙwalwa ba ta tsalle."

Inna ta taka keken ɗinki da ƙarfi don kada ta ji, amma ta ji. Tsoro take ji, kuma haushin tsoron ya fi damunta.

Ana cikin haka Tsani ya yi sallama, wani saurayi da ya ɗara shi tsawo yana biye da shi.

"Inna, kin buɗe takardar?"

"Ban samu sukuni ba."

"Babu sunana. Jiya shugabanni sun kasu biyu a kaina, awa uku ana ja-in-ja, gurbi ɗaya ya rage. Na miƙe na ce su daina wahalar da kansu. Wata shida ina kallon wannan a atisaye. Ya fi ni."

"Kai da bakinka?" in ji direba.

"Da bakina, Kawu."

Mai aski ya ci musu, amma ya rasa inda zai sa idonsa.

Abin ya soki Inna, ba ta ɓoye wa kanta ba. Sai dai ta ga 'yan wasa da yawa sun bar kulob ɗin nan da zage-zage, ba ta taɓa ganin wanda ya riƙo hannun magajinsa ya kawo shi awo ba. Alfahari ya cika mata ƙirji har ya danne ciwon.

"Lambarka sha huɗu fa? A ajiye?" in ji Inna.

"Ki ɗinka masa."

Ta ɗauki tef, ta jawo kujera ta hau, don ba ta kai wuyan saurayin ba. Shi kuwa sai ranƙwafawa yake don kunya.

"Miƙe kafaɗa, ɗan nan," ta ce. "Ba a saka sha huɗu a sunkuye. Ni na haifi mai ita."